Gurbin Lallashi

A jami'o'inmu akwai sassa biyu da ake cika su kowace shekara da mutanen da ba su neme su ba: sashen Anatomi, inda ake karanta ƙirar jikin ɗan Adam, da sashen Fisiyoloji, inda ake karanta yadda gaɓoɓin ke aiki. Ɗalibi ya nemi likitanci, makinsa ya gaza da kaɗan ko kuma gurbi ya cika, sai a ce masa ga Anatomi nan, ya riƙe kafin Allah Ya kawo sauyi. Ni gurbin lallashi nake kiran wannan, irin alewar da ake miƙa wa yaro don ya yi shiru. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kansa kuwa shi ne, ta waɗannan sassa biyu, da 'yan uwansu irin su sashen nazarin magunguna, mafi yawan masu binciken ƙwaƙwalwa a Nijeriya suke fitowa. Ilimin da ke nazarin gaɓar da mutum ke tunani da ita, yake gane fuskar mahaifiyarsa da ita, yake haddace Alƙur'ani da ita, shi muka mayar zauren jiran waɗanda likitanci ya ƙi.

Shekara huɗu na yi ina karanta Fisiyoloji, saboda haka ba labari aka ba ni ba. A zangonmu na farko wani malami ya ce duk wanda ya zaɓi wannan sashe da kansa ya ɗaga hannu, hannuwan da suka tashi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, alhali ɗakin a cike yake maƙil. Sauran suna zaune da mu, amma zukatansu na ofishin canjin kwas. Wasu sun sake zama jarrabawar JAMB a ɓoye, wasu suna ƙirga maki don a ɗauke su aji biyu na likitanci. Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Yaron da tun yana firamare ake kiransa "likita" a gida, rana ɗaya a ce masa ya koma wani abu da ko kakarsa ba ta iya furta sunansa, ai dole ya ji an sauke shi daga doki an ɗora shi a jaki. Laifin na tsarin da ya jera ilimi hawa-hawa ne, ya sa farar riga a sama, ya sa bincike a ƙasa.

Ga yadda tsarin yake. Mai neman likitanci yana rubuta darussa huɗu a jarrabawar shiga jami'a: Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, maki 400 gaba ɗaya. Majalisar da ke kula da likitoci ta ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka, masu nema kuwa sun ninka guraben sau da yawa. Da yake galibi darussan nan huɗu su ne ake nema a Anatomi da Fisiyoloji, sai abin ya zo wa jami'a da sauƙi: ta tsame na sama ta kai likitanci, ragowar ta juye su a sassan da ke maƙwabtaka. Babu wanda ke tambayar ɗalibi ko ya taɓa mamakin yadda barci ke zuwa, ko me ya sa wanda aka yanke wa ƙafa yake jin ƙaiƙayi a yatsan da babu shi. Lamba ce ke magana, kuma lambar an auna ta ne don wata sana'a dabam.

A nan ne hasarar farko take, kuma ita ce ba a cika gani ba. Lissafi ba ya cikin darussan nan huɗu, kiredit ɗinsa na sakandare kawai ake dubawa. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta fahimtuwa sai da lissafi. Nauyinta bai kai kilo ɗaya da rabi ba, kusan kashi 2 cikin 100 na jiki, amma tana cinye kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa, kuma tana ɗauke da ƙwayoyin saƙo kimanin biliyan 86 waɗanda ke magana da juna da lantarki da sinadarai. Yadda saƙon ke gudu a cikin ƙwaya ɗaya, Alan Hodgkin da Andrew Huxley ne suka warware shi a Ingila a 1952, da wata kakkaurar jijiya ta wata dabbar teku, kuma amsar da suka bayar jerin lissafi ce, wadda Huxley ya yi makonni yana murza ƙaramar na'urar ƙidaya ta hannu kafin ya fitar. Aikin ya kai su ga kyautar Nobel a 1963. To yarinyar da ta fi kowa lissafi a makarantar 'yan mata ta garinmu, wadda ba ta son jini kuma ba ta mafarkin asibiti, ta wace ƙofa za ta shigo? Tsarinmu ya tura ta injiniyanci ko akanta tun tana aji huɗu na sakandare, ba tare da kowa ya gaya mata cewa akwai ilimin da ke jiranta ba. Haka masu karanta halayyar ɗan Adam: May-Britt Moser da Edvard Moser, waɗanda suka sami Nobel a 2014 tare da John O'Keefe kan yadda ƙwaƙwalwa ke gane wuri da hanya, wannan fanni suka fara karantawa a Oslo. A wurinmu irinsu suna can tsangayar nazarin zamantakewa, tsakaninsu da ɗakin gwaje-gwaje sai hange.

Na san abin da za a ce, don an sha faɗa mini. Ƙasar da mace ke mutuwa wurin haihuwa saboda babu likita, ina ruwanta da binciken ƙwaƙwalwa? Ai wannan na waɗanda suka ƙoshi ne. Mai wannan magana ina roƙonsa ya tuna Zamfara a 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400, dubbai kuma suka rayu da ita a jininsu. Dalma tana shiga jiki ne a rigar sinadarin kalsiyam, wanda ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke amfani da shi wajen aika saƙo, ta haye shingen da ke tsare ƙwaƙwalwa daga dattin jini, ta ɓata hanyoyin da yaro ke koyo da su. Likitoci sun yi nasu aikin, sun ba da maganin da ke janye gubar, Allah Ya saka musu da alheri. Amma yaron da yake ɗan shekara uku a lokacin, yanzu ya kai shekarun zama jarrabawar JAMB. Yaya karatunsa? Yaya riƙonsa? Yaya fushinsa? Wannan tambaya ba ta likitan da ke duba marasa lafiya ɗari a yini ba ce. Ta mai bincike ce, wanda zai zauna shekara ashirin yana bin sawu, yana jin Hausar iyayen, ya kuma san cewa gwajin basira da aka tsara wa yaran Landan ba zai auna ɗan Bagega ba.

Zamfara kuwa misali ɗaya ce. Muna zaune a tsakiyar yankin sanƙarau, annobar 1996 kaɗai ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, kuma cikin waɗanda suka tsira akwai kurame da masu farfaɗiya. Zazzaɓin cizon sauro yana hawa kan yara ya bar musu tabo. Shanyewar ɓarin jiki ta shiga kusan kowace zuri'a. A 2018 sai da gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin, saboda yadda matasa da matan aure suka faɗa masa. Ga waɗanda suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba a Borno da Yobe. Duk waɗannan cututtukan ƙwaƙwalwa ne, kuma har gobe akwai gidajen da idan yarinya ta faɗi tana shure-shure sai a watse a bar ta, wai kada yawunta ya taɓa mutum ya ɗauka. Farfaɗiya ba a ɗaukar ta. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke sakin lantarki gaba ɗaya ba bisa ƙa'ida ba, kuma yawancin masu ita magani yana tsayar musu da ita. Wanda zai tsaya a gaban liman da ungozoma ya bayyana wannan da harshen da za su yarda, ba daga waje za a kawo mana shi ba.

Sai hujja ta biyu, wai babu kayan aiki. Gaskiya ne babu, ni ma na gama digiri ina ganin wasu na'urori a hoto kawai. Amma Benjamin Osuntokun na Ibadan bai jira na'urar biliyoyi ba kafin ya danganta wata cutar jijiyoyi, mai sa mutum tangaɗi da raunin gani da ji, da gubar sayanaid da ke cikin rogon da ba a sarrafa da kyau ba. Ido ya sa, da haƙuri, da sanin abin da mutanensa ke ci. Thomas Adeoye Lambo ma, da ya fara tsarin jinyar masu taɓin hankali a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta a 1954, abin da ya fi dogara da shi gidajen mutanen ƙauye ne da dangin marasa lafiya. Yau kuwa abin ya ƙara sauƙi. Ɗan ƙaramin ƙudan nan da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro, da shi aka gano ƙwayoyin gadon da ke riƙe da agogon barci da farkawa, aikin da ya ci Nobel a 2017, kuma kiwonsa a kwalba ake yi. Ƙungiyar TReND ta yi shekaru tana koya wa matasan Afirka bincike da shi da kayan da ake haɗawa da hannu. Rashin kuɗi matsala ce, amma mun mai da shi bargon rufe rashin niyya.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta uku. Za a nuna mini Mahmoud Bukar Maina, wanda ya karanta Anatomi a Jami'ar Maiduguri, ya tafi Jami'ar Sussex ya yi bincike kan cutar mantuwa ta Alzheimer, ya dawo ya jagoranci kafa cibiyar bincike a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu a 2021. Za a ce ga shi nan, ta wannan ƙofa ya shiga, me ya rage shi? Babu abin da ya rage shi, amma wanda ya haye kogi da iyo ba hujja ba ne a kan cewa gada ba ta da amfani. Sai a ƙirga waɗanda ruwa ya tafi da su. Shi da abokan aikinsa ne ma suka bi diddigin binciken ƙwaƙwalwa da aka wallafa daga Afirka cikin shekara ashirin, suka samu Nijeriya tana bayan Masar da Afirka ta Kudu, duk da ta fi kowaccensu yawan jama'a. Za a kuma ce digirin farko ya yi wuri a keɓe ɗalibi ga ƙwaƙwalwa kaɗai, gwamma ya san jiki duka tukuna. A nan na yarda da rabin maganar, domin ƙwaƙwalwar da ba a san zuciya da hanta da ke ciyar da ita ba, an san ta rabi. Ban kuma ce Turawa sun tsira ba: a Birtaniya mai neman jami'a yana da zaɓi biyar, huɗu kawai aka yarda ya ba likitanci, kuma da yawa na biyar ɗin a irin waɗannan fannoni suke jefa shi don kada su tashi a tutar babu. Bambancin shi ne a can akwai digirin kimiyyar ƙwaƙwalwa mai sunan kansa, wanda ɗalibi zai nema kai tsaye, ya rubuta dalilinsa a karanta. A Amurka kwalejin Amherst ta buɗe irinsa tun 1973.

Abin da nake nema bai kai gina sabuwar jami'a ba. Sabuwar manhajar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta fitar a ƙarshen 2022 ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 na darussa ta tsara da kanta, gwargwadon bukatar yankinta. Jami'ar da ke maƙwabtaka da asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ko na Barnawa ko na Maiduguri, me zai hana ta cika wannan kaso da farfaɗiya da gubar dalma da shaye-shaye, ta fitar da reshe mai suna a takardar digiri? A karɓi Lissafi cikin darussan shiga wannan reshe, don mai ƙidaya da mai kwamfuta su sami hanya. A keɓe kaso na guraben ga waɗanda suka sa shi zaɓin farko, ko da wanda likitanci ya sako ya ɗara su da maki goma, domin maki goma ba su kai shekara huɗu na so ba. Duk wanda za a juyo daga likitanci kuma a zaunar da shi, a gaya masa abin da sashen yake, a bar shi ya ce a'a.

Iyayenmu kuma, da girmamawa nake faɗa, su daina tambayar mai digirin Fisiyoloji yaushe zai koma ya karanta likitancin. Malaman sakandare, musamman masu ba da shawarar zaɓen darussa a aji huɗu, su ne ke riƙe da mabuɗin, domin a hannunsu ake raba yara gida-gida tun suna 'yan shekara goma sha biyar. Idan za a fara daga wuri ɗaya, to a fara da su: sashen Fisiyoloji na kowace jami'a ya ɗauki ƙwaƙwalwar rago daga mahauta, da madubin ƙara girma guda ɗaya, da kwalbar ƙudaje, ya zaga makarantun jiharsa kafin a buɗe rajistar JAMB ta baɗi.