Kabiru Alhassan Rurum

Kabiru Alhassan Rurum ɗan siyasa ne daga ƙaramar hukumar Rano a Jihar Kano, Najeriya. Ya wakilci mazaɓar Rano a Majalisar Dokokin Jihar Kano, inda ya riƙe muƙamin kakakin majalisa sau biyu: daga 2015 zuwa 2017, sannan daga 2018 zuwa 2019. A 2019 aka zaɓe shi ɗan Majalisar Wakilai ta Tarayya mai wakiltar Rano, Bunkure da Kibiya, aka sake zaɓensa a 2023. Yana riƙe da sarautar Turakin Rano. Kamar yadda aka saba a wajen 'yan siyasar ƙasar Hausa, sunan da aka fi saninsa da shi sunan gari ne, wato Rurum da ke cikin ƙaramar hukumar Rano.

An fi tunawa da shi a kan abu guda: shi ne ya jagoranci zaman majalisar da ta amince da dokar raba Masarautar Kano gida biyar a watan Mayun 2019. Yawancin abin da ya same shi a siyasa, kafin wannan doka da bayanta, yana da nasaba da rikicin masarauta da kuma dangantakar majalisa da gidan gwamnati.

Majalisar da ya shugabanta

Majalisar Dokokin Kano tana da kujeru 40, duk da cewa jihar na da ƙananan hukumomi 44, domin an haɗa wasu bibbiyu a mazaɓa ɗaya, kamar Kura da Garun Malam. Sashe na 92 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce 'yan majalisa ne ke zaɓen kakaki daga cikinsu, kuma ba a tsige shi sai da amincewar kashi biyu cikin uku na mambobi. A Kano wannan na nufin mutum 27. A takarda ke nan. A aikace, da wuya kakaki ya hau ko ya daɗe ba da yardar gwamna ba, tunda daga ɓangaren zartarwa kuɗin gudanar da majalisa ke fitowa, kuma gwamna ke da babbar murya a kan wanda jam'iyya za ta sake tsayarwa takara.

Rurum ya zama kakaki a watan Yunin 2015 a ƙarƙashin jam'iyyar APC, lokacin da Abdullahi Umar Ganduje ya gaji Rabi'u Musa Kwankwaso a kujerar gwamna. Ba a yi shekara guda ba Ganduje da Kwankwaso suka ɓata. Yawancin 'yan majalisar, har da kakakinsu, suka bi gwamna mai ci.

Binciken Sarki da murabus, 2017

A watan Mayun 2017 ɗan majalisa mai wakiltar mazaɓar Nasarawa, Ibrahim Ahmad Gama, ya gabatar da buƙatar a binciki Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II. Nasarawa ita ce mazaɓar da ta ƙunshi Hotoro da Gama da unguwar masana'antu ta Bompai, wato tsakiyar birni ce, ba karkara ba. Zarge-zargen sun haɗa da yadda ake kashe kuɗin masarauta, da kalaman da Sarkin ya yi na sukar manufofin gwamnati, da tura 'yarsa ta wakilce shi a wani taro a Abuja. Majalisa ta kafa kwamiti. Kafin watan ya ƙare, gwamna ya rubuto wasiƙa yana roƙon a dakatar da binciken saboda sa bakin manyan ƙasa, ciki har da muƙaddashin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo. Majalisa ta dakatar.

Bayan 'yan makonni wata jaridar intanet ta ruwaito zargin cewa kakakin ya karɓi naira miliyan 100 daga wani attajiri domin a yi watsi da binciken. Rurum ya musanta. Duk da haka, a ranar 3 ga Yuli, 2017, aka karanta takardar murabus ɗinsa a zauren majalisa, inda ya ce ya sauka ne don a samu damar yin bincike. Yusuf Abdullahi Ata, mai wakiltar Fagge, ya maye gurbinsa.

Abin lura a nan shi ne, kujerar kakaki kaɗai ya bari. Ya ci gaba da zama ɗan majalisa mai wakiltar Rano, kuma bai rasa magoya baya a cikin zauren ba.

Dawowa, 2018

Ata bai yi wata goma sha uku cikakku ba. Tun a watan Mayun 2018 aka yi yunƙurin tsige shi, har 'yan sanda suka rufe harabar majalisar. A ranar 30 ga Yuli, 2018, aka tsige shi, aka mayar da Rurum. Lokacin da abin ya faru yana da muhimmanci: kwanaki kaɗan kafin nan Kwankwaso ya fice daga APC ya koma PDP, kuma mako guda bayan haka mataimakin gwamna, Farfesa Hafiz Abubakar, ya ajiye muƙaminsa. Gidan gwamnati na bukatar majalisar da ba za ta ba shi mamaki ba ana gab da zaɓe.

Gwajin farko ya zo a watan Oktoba, lokacin da jaridar Daily Nigerian ta Ja'afar Ja'afar ta fitar da bidiyon da aka yi zargin yana nuna gwamna yana karɓar daloli daga 'yan kwangila. Ganduje ya ƙaryata. Majalisa ta kafa kwamiti a ƙarƙashin Baffa Babba Ɗan'agundi, ɗan jaridar ya bayyana a gabansa, gwamna kuma ya tura kwamishinan yaɗa labarai ya wakilce shi. Daga bisani Babbar Kotun Jiha ta yanke cewa majalisa ba ta da hurumin bincikar zargin aikata laifi irin wannan, sai maganar ta tsaya a nan. Masu kare majalisar suna cewa kotu ce ta ɗaure mata hannu. Masu suka kuma suna cewa ba a ga alamar majalisar ta ji zafin ɗaurin ba. Ko ma mene ne, manyan bincike biyu da aka buɗe a zamanin Rurum, na Sarki da na gwamna, babu wanda ya kai ga rahoton ƙarshe da jama'a suka gani.

Dokar masarautu ta 2019

Ganduje ya sake cin zaɓe a watan Maris 2019 da ratar ƙuri'a 8,982 kacal a kan Abba Kabir Yusuf na PDP, bayan zagaye na biyu da aka yi a wasu rumfuna, musamman a mazaɓar Gama. Magoya bayan gwamna sun yi ta zargin cewa Sarki Sanusi ya karkata ga 'yan adawa.

A ranar Litinin 6 ga Mayu aka karanta wa majalisa buƙatar ƙirƙiro sababbin masarautu. Zuwa Laraba 8 ga wata an yi wa ƙudirin karatu, an amince, gwamna ya sa hannu. Cikin kwana uku aka sauya tsarin da ya fi shekara ɗari biyu, tun daga jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Aka ɗaga Rano, Gaya, Ƙaraye da Bichi zuwa masarautu masu daraja ta ɗaya. Wa'adin wannan majalisa saura 'yan makonni ya ƙare, kuma kakakinta ya riga ya ci zaɓen tafiya Abuja.

A birni mutane da yawa sun ɗauki dokar a matsayin ramuwar gayya. A kudancin Kano kuwa kallon ya sha bamban. Rano na cikin Hausa Bakwai, tana da tarihin sarauta tun kafin a mayar da ita ƙarƙashin Kano, kuma an daɗe ana ƙorafin cewa asibitoci, manyan makarantu da tituna duk sun taru a birni. Ga mutanen wannan yanki, ɗansu ne ya riƙe gudumar majalisa ranar da aka dawo wa Rano da sarkin yanka. Duka fassarorin biyu suna da ƙamshin gaskiya, kuma ta biyun ce ta fi yi wa Rurum amfani a akwatin zaɓe.

Gaggawar ta jawo matsala. A watan Nuwamban 2019 Babbar Kotun Jiha ta soke dokar saboda ba a bi ƙa'idar gabatar da ƙudiri ba. Sabuwar majalisa a ƙarƙashin Abdul'aziz Garba Gafasa ta sake yin wata a watan Disamba. A ranar 9 ga Maris, 2020, aka tuɓe Sanusi, aka naɗa Aminu Ado Bayero.

Sauya sheƙa da zaɓen 2023

A watan Mayun 2022 Rurum ya bar APC ya shiga NNPP ta Kwankwaso, mutumin da ya juya wa baya shekaru shida kafin nan. Ya fita ne a daidai lokacin da ɓangaren Ganduje ya tsayar da Nasiru Yusuf Gawuna, tsohon shugaban ƙaramar hukumar Nasarawa, a matsayin ɗan takarar gwamna, da Murtala Sule Garo na Kabo a matsayin mataimaki. Ɗaya daga Kano ta Tsakiya, ɗaya daga Kano ta Arewa. Kano ta Kudu ba ta samu ko ɗaya ba. Abdurrahman Kawu Sumaila da Abdulmumin Jibrin Kofa, dukansu 'yan kudu, su ma suka fice a wannan tsakanin.

Sakamakon ya nuna nauyin wannan ficewa. Rurum ya riƙe kujerarsa. Kawu Sumaila ya kayar da Kabiru Gaya, wanda a lokacin yake Majalisar Dattawa tun 2007. Abba Kabir Yusuf ya ci gwamna da ƙuri'a 1,019,602, Gawuna ya samu 890,705. Sai dai ba za a iya cewa farin jinin Rurum kaɗai ne ya ba shi nasara ba, domin guguwar NNPP ta share yawancin mazaɓun Kano a wannan shekara. Haka ma nasarorinsa na 2015 da 2019 sun zo ne a ranakun da sunan Muhammadu Buhari ke jan ƙuri'ar APC a jihar. A zaɓuka ukun nan bai taɓa tsayawa a jam'iyyar da ta sha kaye a Kano ba. Wasu na kiran wannan iya karanta iska, wasu na kiransa rashin alƙibla.

Rushe dokar da komawa APC

A ranar 23 ga Mayu, 2024, majalisar jiha a ƙarƙashin Jibrin Isma'il Falgore ta soke dokar masarautu, Gwamna Abba ya sa hannu a ranar, aka mayar da Sanusi kan karaga. Saurin da aka yi bai bambanta da na 2019 ba. Rurum ya wayi gari yana cikin jam'iyyar da ta rushe babban abin da ake yaba masa da shi a gida. A watan Yuli aka yi wata doka da ta maido da Rano, Gaya da Ƙaraye a matsayin masarautu masu daraja ta biyu a ƙarƙashin Sarkin Kano. An taƙaita Masarautar Rano ga ƙananan hukumomi uku: Rano, Bunkure da Kibiya, wato daidai iyakar mazaɓarsa ta tarayya.

A watan Nuwamban 2024 shi da Aliyu Sani Madakin Gini na Dala suka bayyana cewa sun raba gari da tafiyar Kwankwasiyya. A 2025 ya koma APC, a lokacin Ganduje na shugabantar jam'iyyar a ƙasa. Sashe na 68 na kundin tsarin mulki ya ce ɗan majalisar da ya bar jam'iyyar da ta kai shi zai rasa kujerarsa, sai in jam'iyyar ta rabu gida biyu. Rikicin shugabanci da ke cikin NNPP shi ne hujjar da masu fita daga cikinta suka riƙa kafawa, kuma Rurum ya ci gaba da zama a kujerar Rano, Bunkure da Kibiya a ƙarƙashin tutar APC.