Daga ina hankali ke samo ma'ana?

Kowa ya taɓa ganin doki, amma babu wanda ya taɓa ganin "dabba" tsurarta, wadda ba doki ba ce, ba akuya ba, ba raƙumi ba. Haka nan ana ganin alƙali adali, amma ba a ganin adalci da ido. To, ta wace ƙofa irin waɗannan ma'anoni suke shiga zuciyar ɗan Adam?

Aflatun, masanin ƙasar Girka, ya ce rai ya san su tun kafin haihuwa, koyo kuwa tuni ne kawai. Almajirinsa Aristo bai yarda ba, ya ce sani daga gani da ji yake farawa. A Ingila, Jon Lok ya bi wannan hanya cikin littafinsa na 1690: mutum ya ga madara, ya ga alli, sai ya ware abin da ya haɗa su, ya kira shi fari.

Malaman falsafa na Musulunci suna kiran wannan aiki tajridi, wato tuɓewa. Ibn Sina (980–1037) ya jera shi hawa huɗu. Da farko ido yana riƙe da doki muddin yana gabansa. Bayan ya wuce, surarsa tana zama a zuci, da launinsa da girmansa. Sannan akwai wahami, wanda da shi ne tunkiya ke gane mugun nufin kyarkeci, ga shi kuwa mugun nufi ba shi da launi. Daga ƙarshe hankali ya tuɓe launi da girma, ya bar ma'anar da ta game kowane doki.

Amma tuɓewa kaɗai ba ta warware zancen ba. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin wuta da auduga: ido yana ganin sun haɗu, yana ganin ƙuna, amma bai ga "sababi" ba. Debid Hiyum ya ce, a 1739, sabo ne ke sa mutum tsammanin ƙunar. Kant na Jamus kuwa, a 1781, ya ce hankali da kansa ke zuwa da wannan ma'auni. Tun kafin su Ibn Sina ya nuna cewa ma'anar samuwa tana cikin na farko da ke kafuwa a rai, ba a koyonta daga wata.

Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne, ido ke kawo hatsi, hankali ke daka. In babu ɗaya, babu tuwo.

Saboda haka, ma'aikacin da ya tsaya gaban taro yana ambaton "adalci" da "ci gaba" ya kamata ya iya saukowa inda kalmomin suka fito: wace gona aka mayar wa mai ita, wace rijiya aka gina? Wanda ya kasa kawo misali ko ɗaya, jama'a na da haƙƙin su tambaye shi abin da yake nufi.