Kwana Goma da Zuciyar Yaro: Nasiha ga Iyaye a Zangunan Akra

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

A shekarar 2025 Shugaba John Dramani Mahama ya ƙaddamar da asusun MahamaCares domin tallafa wa masu cututtuka masu cin kuɗi, irin su kansa, ciwon ƙoda da ciwon zuciya. Jama'ar Nima, Maamobi da Old Fadama sun yi murna, kuma abin murna ne. Sai dai asusu yana tarar mara lafiya ne bayan ɓarna ta auku, alhali akwai ciwon zuciyar yara da ake iya tare shi cikin kwana goman farko.

Sunan cutar Kawasaki, sunan likitan yara na Japan, Tomisaku Kawasaki, wanda ya bayyana ta a 1967. Kumburin jijiyoyin jini ne, kuma ta fi kama 'yan ƙasa da shekara 5. Ba ta yaɗuwa daga yaro zuwa yaro. Alamarta ta farko zazzaɓi mai zafi da ya kai kwana 5 bai sauka ba. Idanu su yi ja ba kwantsa, leɓe ya tsattsage, harshe ya yi jajir, ƙuraje su feso, hannu da ƙafa su kumbura, kaluluwa ta fito a wuya. Daga baya fatar yatsu ta yi saɓa.

Haɗarinta yana cikin jijiyoyin da ke shayar da zuciya. Idan ba a yi magani ba, kusan yaro 1 cikin 4 jijiyoyin nan suna yin rauni su buɗe kamar balan-balan, jini ya iya daskarewa a ciki. Yaro ya warke a ido, a yi barka, ɓarnar kuwa tana nan har ya girma. Wasu kaɗan kuma jininsu yana faɗuwa farat ɗaya: hannu da ƙafa su yi sanyi, numfashi ya yi sauri, fitsari ya ragu, yaro ya yi lagab. Wannan ba a kwana da shi a gida. A Afrilun 2020 likitocin Ingila sun yi gargaɗi kan wani ciwo mai kama da wannan da ke biyo bayan korona, wanda faɗuwar jini ta fi yawa a cikinsa.

Maganin da aka tabbatar shi ne IVIG, sinadarin garkuwar jiki da ake sa wa ta jijiya. Idan aka ba da shi cikin kwana 10, haɗarin yana sauka zuwa kusan 1 cikin 20. Likita kan haɗa da asfirin, amma kada uwa ta saya ta ba yaro da kanta.

To ina kwana goman nan suke tafiya a wurinmu? Kowane zazzaɓi maleriya muke kiransa, sai a nufi kemis. Kwana uku sun tafi. Ƙuraje suka fito, tsofaffi su ce ƙyanda ce, a ɓoye yaro a ɗaki. Wasu ukun sun tafi. Sannan a zo wurin malam karɓar rubutu. Ga 'yar kayaye a Old Fadama, wuni a layin asibiti wuni ne ba abinci, ko da yake asibitin Korle Bu, mai babbar cibiyar zuciya ta ƙasa, yana tsallaken tafkin Korle kaɗai.

'Yan uwana malamai, mu ma muna da kaso a nan. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofin Shari'a guda biyar, kuma addu'a ba ta hana neman magani. Duk wanda aka kawo masa yaro mai zazzaɓi, ya yi addu'a, ya tambayi kwana nawa, ya tura asibiti a ranar.

Iyaye, ku riƙa ƙirga kwanakin zazzaɓi. Ku sabunta katin inshorar lafiya tun yaro yana lafiya. In zazzaɓi ya ƙi sauka bayan maganin maleriya, ku koma asibitin Maamobi ko na yara na Princess Marie Louise, ku faɗi duk alamar da kuka gani ko da ta ɓace, ku tambaya ko ana bukatar hoton zuciya. Kwamitocin masallatai su ware wani abu daga sadaka domin kuɗin mota da gwaji. Hukuma kuma ta sa IVIG cikin abin da talaka zai samu ba jira, domin magani mai tsada ne.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuriya. Amin.