Zaɓen Samarin Ƙwallo A Amurka: Wa Ya Cancanta?

A wannan mako ina so in kai ku Amurka, mu duba yadda suke zaɓen samarin da suka yi fice a ƙwallon jami'o'i. Ba irin tamu ta ƙafa ba ce. Tasu mai siffar ƙwai ce, ana jefa ta da hannu, ana gudu da ita, ana kuwa kokawa a kanta.

Ga yadda abin yake. Babbar ƙungiyar masu wasa don albashi, watau NFL, tana da ƙungiyoyi 32. Kowace shekara, wajen ƙarshen watan Afrilu, sukan taru su raba samarin da suka fito daga jami'o'i, zagaye 7. Wadda ta fi shan kashi bara ita ke fara zaɓe, zakaran shekara shi ne na ƙarshe, don kada mai ƙarfi ya yi ta ƙara ƙarfi. An soma wannan al'ada a 1936. Kafin ranar akan kira samarin birnin Indianapolis, a auna tsawonsu, a sa su tseren yadi 40, su ɗaga ƙarfe mai nauyin laba 225.

To, a nan ne gardama take. Waɗansu sun dogara ga wannan awo na 'yan kwanaki. Ni kuwa a ganina aikin shekaru ya fi awon yini guda, kuma hali ya fi tsawo. Da wannan ma'auni ne samari uku suka kwanta mini a rai gabanin zaɓen 2025.

Na fari Cam Ward, mai jefa ƙwallo, watau madugun 'yan wasa. Da ya gama sakandare manyan jami'o'i ba su kula shi ba, sai ya fara a wata ƙarama, Incarnate Word, a jihar Texas. Daga nan ya koma Washington State, kāna Miami, inda a 2024 ya yi jifa 39 da suka kai ga ci. Yaron da aka raina, ya hau tsani taki-taki har ya kai sama, lalle ba ya bukatar mai shaida. Shi aka fara ɗauka, ƙungiyar Tennessee ta samu.

Na biyu Travis Hunter na jami'ar Colorado. Ƙa'idar wasan nan, masu kai hari dabam, masu tsaro dabam, kowa ya huta sa'ad da ɗan'uwansa ke fili. Shi kuwa yakan yi duka biyu a wasa ɗaya, kamar akawun da ke riƙe da littafin kuɗi, ya kuma yi tafinta. Ya ci lambar Heisman ta 2024, wadda ake ba gwanin jami'o'i duka, aka ɗauke shi na 2.

Na uku Ashton Jeanty na Boise State, mai gudu da ƙwallo. A 2024 ya ci yadi 2,601, saura kaɗan ya cim ma 2,628 na Barry Sanders a 1988. Abokan gaba duk sun san shi za a miƙa wa ƙwallo, amma suka kasa tare shi. Aka ɗauke shi na 6.

Amma kada mai karatu ya zaci lambar zaɓe ita ce hukunci. A 1998 Peyton Manning ne na 1, Ryan Leaf na 2, har ana musu wa ya fi. Manning ya ci kofin Super Bowl sau 2, Leaf kuwa cikin 'yan shekaru ya bar wasa. A 2000 sai da aka ɗauki mutum 198 kāna aka waiwayi Tom Brady, alhali kuwa shi ne ya zo ya ci kofin sau 7. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Saboda haka, ku malaman makaranta da ke fid da yara zuwa gaba, da ku manyan akawuna masu ɗaukar sabbin hannu, in mutanen da ke kashe dukiya mai yawa wajen awo suna iya tsallake Brady, ku yi hattara da jarrabawar yini ɗaya. Ku buɗe littafin yaro na shekara uku, ku tambayi wanda ya koyar da shi, ku dubi na bayan aji.

Allah ya ba mu idon gane na ƙwarai, amin. Sai mako mai zuwa.

Naku,
Akawu.