Ra'ayinmu: Wuƙar Aljihu Da Mai Ita

'Yan'uwa ɗalibai, a wannan fitowa za mu ɗan jingine maganar kuɗin makaranta da ta ɗakunan kwana, mu taɓo wata 'yar aba wadda ba ta fi tsawon yatsa ba, amma tana iya jawo wa mutum kora daga makaranta. Wuƙar aljihu muke nufi, 'yar wuƙar nan mai ninkewa wadda ruwanta yake kwanciya cikin ƙotarta. Mun lura waɗansu daga cikinmu, da waɗansu yayyenmu da suka kama aikin gwamnati, sun ɗauki sha'awar yawo da ita da tara irinta. Waɗansu kuwa da sun ganta sai su murtuke fuska, su ce dabanci ne ya shigo da rigar ilmi. Mu a ganinmu sha'awa ce mai kyau, amma fa da sharaɗi.

A ƙasashen Turai wannan sha'awa tsohuwa ce, kuma abin da ya ba ta daraja shi ne kowace wuƙa tana da garinsu. A 1890 wani saurayi ɗan gidan maƙera, Joseph Opinel, ya fara ƙera tasa a duwatsun Savoie na ƙasar Faransa. Ƙotar katako ce da ruwa guda, ba wani ado sai tambarin hannu da kambi a bisansa. Manoma da makiyaya aka yi wa ita, su yanki burodi da cuku a bakin gona. A 1955 aka ƙara mata wani zobe na ƙarfe wanda ake murɗawa ya riƙe ruwan kada ya rufe a kan yatsa. A ƙasar Suwizalan kuwa Karl Elsener ya buɗe maƙerarsa a Ibach a 1884, ya fara sayar wa sojan ƙasarsu wuƙa a 1891, daga nan jar wuƙar nan ta Victorinox ta samo asali. Ingila tana da Sheffield, Jamus tana da Solingen. Mai tara wuƙaƙe na gaske idan ya buɗe akwatinsa, tarihin waɗannan garuruwa zai ba ka, ya gaya maka wane ƙarfe ne yake saurin ɗaukar kaifi amma yana tsatsa in an bar shi da lema, wane ne kuma ba ya tsatsa amma yana wahalar wasawa. Wanda bai san wannan ba, kuɗi kurum yake zubarwa, ya tara ƙarafa kamar ɗan gwangwan.

Kada wani ya ce ai al'adar Turawa ce muka ara. Kafin biro ya zo ƙasar nan, wane malami ne yake zama bakin allo ba tare da 'yar wuƙar fiƙe alƙalami ba? Har ma sunan da Ingilishi suke kiran ƙaramar wuƙar da shi, ma'anarsa wuƙar alƙalami, don su ma da ita suke fiƙe gashin tsuntsun da suke rubutu da shi. Dattijo zai ciro tasa ya tsaga goro, ya fere rake, ya yanke igiya, ya mayar aljihu, ba wanda ya ko ɗaga kai. Maƙeri ya ƙera, baduku ya ɗinka kube ya yi masa ado da jan fata da kore. Abin da ya bambanta mu da su Opinel shi ne su sun buga sunansu a jikin ƙarfen, namu maƙeran kuwa ba su buga ba. Shiga Kasuwar Kurmi a Kano ka sayi wuƙa mai kyau, bayan shekara goma ba wanda zai iya gaya maka hannun wa ya yi ta.

Ko buga sunan ma ba ya isa in ba a tsare shi ba. Akwai wani ƙauye a kudancin Faransa, Laguiole, wanda wuƙarsa mai ƙotar ƙaho da hoton ƙudan zuma ta yi suna tun ƙarni na 19. Da yake ba a yi wa sunan rajista da wuri ba, sai masana'antu a Sin da Pakistan suka yi ta buga shi a kan wuƙaƙe masu araha, har ya zama sai mai ido ke rarrabe ta gaske da jabu. In haka ta sami waɗanda suke da suna a rubuce, ina ga maƙerin ƙauyenmu wanda 'ya'yansa suka bar zuga-zugi suka koma acaɓa?

To, ga sharaɗin. Masu tsoron wuƙa ba su yi ƙarya ba. Duk wanda ya tashi a birni ya san abin da 'yan daba da 'yan sara-suka suka yi da ita, ya san gidajen da aka yi zaman makoki saboda gardamar da ba ta kai ta kawo ba. Wuƙar Okapi ta ishe mu misali. A Solingen aka fara yin ta a 1902 don kasuwannin Afirka, kayan aiki ce mai sauƙin kuɗi, a 1988 aka mai da ƙirarta Afirka ta Kudu. Amma a can da Jamaika sai da ta yi ƙaurin suna a hannun 'yan ta'adda na unguwa, har sunanta ya ɓaci. Saurayin da ya sa wuƙa a aljihu don wai ya tsare kansa, ya riga ya shirya wa ranar fushi, kuma fushi ba ya sallama. Wannan ba ya cikin waɗanda muke karewa.

Ingila ta raba gardamar da doka a 1988. An yarda mutum ya yi yawo da wuƙa mai ninkewa muddin kaifinta bai wuce inci 3 ba, kotuna kuma suka yanke cewa mai makulli ba ta cikin wannan rangwame. Wato Opinel mai lamba 8, da zobenta da ruwanta na santimita 8.5, sai da ƙwaƙƙwaran dalili ake fita da ita a Landan, alhali a ƙasarsu wuƙar cin abinci ce. Ana iya yi wa dokar gardama, amma dai kowa ya san inda iyaka take.

Irin wannan iyaka muke roƙon hukumar makaranta ta shata a rubuce, da shawarar ƙungiyar ɗalibai, maimakon a bar abin ga ra'ayin mai gadi a bakin ƙofa, yau ya ƙyale wannan gobe ya kama wancan. Ɗalibin aikin gona ko na gandun daji da yake ɗaura aure tsakanin itatuwa, da wuƙa yake yi. A faɗi tsawon da aka yarda da shi, a faɗi wuraren da ba a shiga da ita sam, kamar ɗakin jarrabawa da filin taron zaɓe. Abin da ya wuce wannan tsawo ya zauna a gida cikin akwati.

Ku kuma masu tarawa, hutu ya kusa. Wanda ya iya haddace lambobin Opinel ba zai kasa zama yini guda a maƙerar garinsu ba. Ku sayi ɗaya, ku rubuta sunan maƙerin da garinsa da shekarar, ku tambaye shi ƙarfen me ya yi amfani da shi, da yadda yake ba ta ruwa, da sunan da yake kiran wannan ƙira. Shafin wannan mujalla a buɗe yake ga duk wanda ya dawo da irin wannan bayani.