Dokar Kare Yara: Daga Abuja Zuwa Damilu

A cikin 2003 ne Shugaba Obasanjo ya sa hannu a kan Dokar Haƙƙin Yara, amma sai a 2022 Gwamna Fintiri ya sa hannu a kan ta Jihar Adamawa. Jaririn da aka raɗa wa suna a unguwar Damilu ta Jimeta a shekarar da aka yi dokar Abuja, ya wuce shekara 18, ya fita daga sahun yara, tun ba ta iso ƙofar gidansu ba. Dalili kuwa shi ne dokar ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta yi tata. Jihar Ikko ta yi tun 2007.

To, amma yaro ba ya zama a jiha guda. Mazauna Agege da Sabon Ibadan sun fi kowa sanin yadda akan ɗauko yarinya daga gida da sunan riƙo, ta ƙare a aikatau ko talla. In ta shiga uku, wa zai nemo iyayenta? Ma'aikacin jin daɗin jama'a na Ikko, ko na Yola? An ga irin wannan rashin haɗin kai a 2020, lokacin korona, sa'ad da gwamnonin Arewa suka riƙa mayar wa juna almajirai cikin motoci, waɗansu ma da cutar a jikinsu.

Hukumar Almajirai da aka kafa a 2023 ba za ta wadatar ba ita kaɗai. Lalle ne Gwamnatin Tarayya ta haɗa ofisoshin jihohi a kan rajista guda, a kuma sa sarakunan Hausawa na Kudu a ciki, tun da yake ƙofarsu akan fara kai yaron da ya ɓace.