A Bar Mai Duba Kod Ya Ɗauki Lokacinsa

Idan ka buɗe manhajar banki ko ta sayayya a wayarka, sau da yawa saƙonka yana sauka ne a kan kwamfutar da ba ta da jiki. Kamfanonin da ke ba da hayar uwar garke sukan ɗauki na'ura ɗaya mai ƙarfi, su raba ta zuwa ƙananan kwamfutoci da yawa ta hanyar manhajoji irin su QEMU, KVM da Xen. Kamar gidan haya ne: gini ɗaya, 'yan haya da yawa, kowa da ɗakinsa.

Bangon da ke tsakanin ɗakunan shi ne kod ɗin da ke rabon RAM, wanda ke cewa nan wurin wane ne, can kuma na wane. Idan ya tsage, ɗan haya ɗaya zai iya leƙa bayanan maƙwabcinsa, ko ya ƙwace gidan gaba ɗaya. Shi ya sa nake ganin duk gyaran da ya taɓa wannan ɓangare, wanda ya duba shi kafin a amince ya fi wanda ya rubuta shi ɗaukar nauyi, kuma bai kamata a riƙa yi masa gaggawa ba.

A watan Mayun 2015, Jason Geffner na kamfanin CrowdStrike ya bayyana wata ɓaraka a QEMU da aka sa wa suna VENOM. Tana cikin ɓangaren da ke kwaikwayon na'urar faifan fulofi, abin da yawancin masu karanta wannan ba su taɓa riƙewa ba. An ware wa bayanan da ke shiga wurin gurbi mai cin bayit 512, amma wasu umarni kan bari a ci gaba da zuba bayanai bayan gurbin ya cika, su malala cikin RAM ɗin da ba na ɗan hayar ba. Tun 2004 kod ɗin yake nan. Shekara goma sha ɗaya ke nan, kuma gyaran bai wuce 'yan layuka ba.

Kafin nan, a watan Satumban 2014, Amazon ta sake kunna wani ɓangare na kwamfutocin hayarta na EC2, ƙasa da kashi 10 cikin 100, saboda wani kuskure a Xen. Inda ya kamata a ba ɗan haya damar karanta gurabe 256, sai kod ɗin ya buɗe masa 1024. Lamba ɗaya ce ta kauce, amma ta isa a karanto abin da ba a ba mutum izini ba.

Irin waɗannan kurakurai ba sa hana manhaja aiki. Komai zai tafi lafiya a gwaji, mai rubutawa ya yi murna. Sai wani ya zauna ya yi tambayoyi masu gajiyarwa: Wannan girman, wa ya turo shi? Idan ɗan hayan mugu ne, ya turo lambar da ta wuce iyaka, me zai faru? Gurbin da aka saki, akwai wanda har yanzu yake riƙe da adireshinsa? Idan ayyuka biyu suka taɓa wuri ɗaya a lokaci ɗaya fa?

Wasu za su ce wannan jan ƙafa ne, ga kuma na'urorin gwaji da ke jefa wa manhaja bayanan shirme har ta faɗi, ga yaren Rust da ke toshe yawancin waɗannan kurakurai tun wurin rubutu. Suna da hujja. Microsoft ta faɗa a 2019 cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ɓarakar tsaron da take gyarawa daga matsalar amfani da ma'adana suke fitowa, kuma Google ta rubuta crosvm da Rust. Amma Rust ba zai gaya maka cewa 1024 ɗin da ka rubuta 256 ake nufi ba. Wanda ya karanta ƙa'idar na'urar ya kwatanta da kod ɗin ne zai gani. Ga kuma tarin tsohon kod na yaren C da ba zai ɓace gobe ba.

Saboda haka kamfanonin da ke cin riba da waɗannan manhajoji na kyauta su biya masu dubawa kamar yadda suke biyan masu ƙirƙirar sabbin abubuwa. Kai kuma da ke koyon rubuta manhaja, kod ɗin QEMU a buɗe yake ga kowa. Nemo gyaran VENOM, ka karanta abin da yake kafin gyara da bayansa, ka ga ko da kai aka ba dubawa za ka kama shi.